Magunan Madam Hinda

Da mataccen ɗan tsako a hannuna na faɗa gidan Madam Hinda, sallamar ma ban ƙarasa ta ba.

"Inna, na huɗu ke nan a wata guda! Na huɗu! Yau dai sai an san yadda za a yi da ni da wannan magen taki."

 Zaune na same ta a ƙasa, tsakar gida, kusa da randa, ta miƙe ƙafafu. Buta ta kife a gefenta, ruwan ya gangaro ya jiƙa mata zane. Maguna uku na kewaye da ita, ta huɗun kuwa, mai laifin, tana can bisa turmi tana lasar hannu kamar ba ita ba.

Madam ta dubi ɗan tsakon, ta dube ni.

"Aje gawar tukuna, Nafi," in ji ta. "Zo ki ɗaga mai rai."

Na yar da shi na ruga. Na sa hannu a hammatarta na ɗago, sai na ji nauyin da ban san ta da shi ba. Mace ce ƴar siririya, amma ranar kamar buhun gero na ɗauka. Da ƙyar na kai ta bakin ƙofar ɗaki na zaunar da ita bisa kujera. Numfashinta na fita da sauri-sauri, har da wani ɗan kuka a ƙirji.

"Tun yaushe kike nan?"

"Tun da na fito alwalar walha. Kada ki yi mini ihu, ba suma na yi ba. Ƙafa ce ta ƙi."

Ta janye zane ta nuna mini ƙwaurinta. Ya kumbura sumul, har yana ƙyalli. Ta sa babban yatsa ta danna, ta ɗauke. Ramin ya tsaya nan, bai ciko ba.

"Kin gani? Shekara talatin da ɗaya ina danna ƙafafun mata a matanite, ɗakin haihuwa. Na san abin da ramin nan yake nufi a jikin mai ciki, na san abin da yake nufi a jikin tsohuwa. Zuciya ce ta gaji. Ta daɗe tana gaya mini."

"Sai a kira ɗanki Abdulhadi."

"Sai a ba ni ruwa tukuna. Kuma ki kwashe ɗan tsakonki, ga ta can za ta ƙarasa shi."

Na waiwaya. Ta riga ta sauko daga turmin.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Madam Hinda a Dungas, tun ranar da aka kawo ni gidan Dikko tela, shekara goma sha biyu ke nan. Duk garin Madam ake ce mata, don ita ce ungozomar gidan likita tun muna yara. Ni Inna nake ce mata. Ƴaƴana uku a hannunta suka faɗo, na ƙarshen ma ta riga ta aje aiki, da ƙullun tuwo a hannu ta shigo ta karɓe shi. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗa guda Allah ya bar mata, Abdulhadi, mushe ne, yana koyarwa a wata makaranta a Damagaram. Ɗan fari ne, saboda haka sunansa ba ya fita daga bakinta. "Wancan na Damagaram" take cewa.

Sai maguna. Babbansu wani muzuru ne mai yagaggen kunne, ta sa masa suna Manjo, wai don ba ya komai sai zagaya gida yana duba aikin wasu. Akwai Laraba, da ta tsinta ranar Laraba a bayan kasuwa. Akwai Auta, fara ƙal, kurma ce ba ta jin kira. Sai Duwan, wato kwastan, baƙa mai farin wuya, wadda ba a wucewa da kwano ko leda ba ta tsaya ta bincika ba. Ita ce abokiyar gabata.

Ni kaji nake kiwo, su ne sana'ata. Na jera ƙaya bisa katanga, Duwan ta koyi bi ta reshen dogon yaro. Na watsa mata ruwa, na jefe ta da takalmi, a banza. Akwai ranar da ta shiga shagon Dikko ta yi fitsari bisa shaddar wani alhaji ana jibi salla. Duk sanda na kai ƙara, amsar Madam ɗaya ce: "Mage ba ta san katanga ba, Nafi. Ke da kika san ta, rufe kajinki." In yamma ta yi kuma sai ta miƙo mini kwanon dambu ta saman katangar, shi ke nan mun shirya. Gaskiya dai, ɓera bai taɓa zama a ɗakin hatsina ba, kuma Manjo ya taɓa kashe maciji a gindin randata lokacin da ƴata Rahila ke rarrafe. Wannan ban taɓa sa shi a bakina gaban Madam ba, don kada ta samu abin faɗi.

Abdulhadi ya iso ranar Asabar da hantsi, bisa babur ɗin kabu-kabu daga tasha, jaka a cinya. Ina cikin ɗakin ina shafa mata mai a baya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya dubi ƙafafun, fuskarsa ta canja.

"Inna, ki shirya. Na yi magana da mai mota, gobe da safe mu wuce. Akwai likitan zuciya a can."

"Su kuma fa?" Ta nuna da haɓa. Manjo na kwance bisa sallayarta, Laraba na ƙarƙashin gado.

"Inna, kin san jikarki Hafsat da asma. Gashin mage kaɗai ta shaƙa sai mun kwana gidan likita. Ga gidan haya, ɗaki biyu."

"Na sani. Shi ya sa ban ce a tafi da su ba."

"To a sa su a buhu a kai su wajen mahauta. Ba za su rasa abin ci ba."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Daga can na ɗauko ɗayarsu, da tsutsa a ido. Ba inda za ni sai kowacce ta samu gida. Gida na ce, ba buhu ba."

Ya roƙa, ya lallaɓa, ya yi shiru irin na ɗan da ba ya ɗaga murya gaban uwa. Ba ta motsa ba. Ranar Lahadi dole ya koma, don Litinin yana da aji. A zaure ya tsayar da ni.

"Maman Rahila, don Allah ki taimake ni. Ki nemo masu so, ko su wane ne. Ina jin kiranki zan taso."

Na ce to. Ba zan ɓoye ba, har da murna a raina. Shekara nawa ina roƙon Allah ya raba ni da Duwan, yau ga shi an sa aikin a hannuna.

Neman bai yi wuya ba. Rabin mutanen unguwar a hannunta aka haife su, ba mai iya ce mata a'a. Bawa mai shago na fara kawowa. Ya tuɓe takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa, hula a hannu, kai ka ce neman aure ya zo.

"Me za ka riƙa ba ta?" in ji Madam.

"Ai Madam ɓeraye sun cika mini magaza, inda nake aje kaya. Ba za ta ji yunwa ba."

"Ban da ɓera fa?"

Bawa ya yi dariya. "In na ƙosar da ita ai ba za ta yi aikin ba."

"Kai yaron da ke ɗaukar maka kaya, da yunwa kake riƙe shi don ya yi sauri? Tashi, Bawa. Ka gaida uwarka."

Na ce a raina wannan tana da gaskiya. Na kawo Zainabu mai abinci a tasha, wadda ba a rasa ragowar miya da ƙashi a wajenta. Madam ta ce yara sun yi yawa a gidan, za su ja musu wutsiya. Na kawo wata malamar lakwal, makarantar boko, Madam ta ce ana iya canja mata gari kowane lokaci. Kwana goma muna haka. Kullum bayan la'asar Abdulhadi na kirana, kullum ina ce masa saura kaɗan. Ita kuwa kumburin ya haura gwiwa. Ta daina kwanciya, a zaune take barci, matasai uku a bayanta. Daga gado zuwa bakin ƙofa sai ta tsaya sau biyu.

Ranar kasuwa na yi sa'a na gamu da Manzo, wani manomi daga wani ƙauye a hanyar Guci. Mutum ne mai sanyin hali, mata ɗaya, ƴaƴa sun girma, rumbu uku, saniyar tatsa biyu. Ya zo har da kwando da tsumma a ciki, ya tsayar da amalankensa a ƙofar gida.

"Nono safe da yamma, Madam," in ji shi. "Tsohuwata ma tana son abin da zai riƙa ɗebe mata kewa."

Laraba da kanta ta fito ta shinshina ƙafarsa, ta goga masa kai. Na ga Madam ta gani. Ta juyar da ido.

"Kana da kare."

"Ya mutu tun bara."

"Za ka sake wani."

"Wallahi ba ni da niyya."

"Yau ba ka da ita. Allah ya saka da alheri, Manzo. Ka sauka lafiya."

Ya ɗauki kwandonsa ya fita yana kallona. Ni ma na bi shi na fita. A zaure na tsaya. Sai a lokacin na gane ko limamin gari na kawo mata sai ta samo masa aibu.

Na wuce shagon Dikko. Yana bisa keke yana ɗinki, zare a baki. Na gaya masa abin da na yanke. Ya tsayar da ƙafa.

"Ke? Da maguna?"

"Ni."

"Huɗu? Har da baƙar?"

"Har da ita."

Ya cire zaren daga baki. "Shaddar alhaji fa, kin manta?"

"Ka riƙa rufe ƙofa."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "In hakan zai sa ta tafi a duba ta, na yarda. Amma ki sani, ranar da kika fara kuka da su, ni ban ji ba."

Na koma na same ta yadda na bar ta, Auta a cinyarta. Na zauna bisa tabarma.

"Inna, an samu gida. Ni zan ɗauke su. Duka huɗun."

Hannunta ya tsaya a bayan Auta.

"Kina da kaji."

"Dikko zai yi musu akurki na waya."

"Kina da yara."

"A cikinsu suka tashi. Ba su taɓa ja musu wutsiya ba, kin sani."

"Ba ki son su, Nafi."

"Ba na son su. Amma zan ciyar da su, ba zan dake su ba, ba zan sa su a buhu ba. Shekara goma sha biyu muna tare, kin taɓa jin na faɗi magana na janye?"

 Sai ta fara dariya, dariyar ta koma tari, har sai da na tashi na riƙe ta na ba ta ruwa. Da ta samu kanta ta share ido da bakin mayafi.

"Ja'ira. Kin ƙwace mini hujja."

"To me ya hana ki tafiya?"

"Ba abin da za su yi mini a can da zai daɗe. Su zuƙe ruwan, ya dawo. Su sake zuƙewa, ya sake dawowa. Na tsaya a kan masu irin wannan ciwon, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ba laifin kowa ba ne, inji ne ya tsufa." Ta numfasa. "Ba mutuwar nake gudu ba. Ba na so ta same ni bisa gadon ƙarfe, cikin mutanen da sai sun duba takarda kafin su san sunana. Nan nake so. In ji dakanki da safe, in ji kina zagin Duwan."

"Ki gaya masa haka mana."

"Shi? Yaron da ko sunansa ban taɓa kira ba, shi zan dubi idonsa in ce masa mutuwa zan yi? Bakina ba zai iya ba. Maguna sun fi sauƙin faɗi."

Na yi tunani, sannan na ce, "To ki je, Inna. Ki bar likita ya faɗa masa. In ba ki je ba, har ya tsufa zai riƙa cewa da ya kai ki da kin tashi. Kwana kaɗan ne. Ki je ki dawo."

Ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon da take yi wa mai naƙuda in tana auna saura nawa.

"Ashe kina da kai, ba baki kaɗai ba. Kira shi."

Kwana shida ta yi a Damagaram. Ni kuwa a kwana shidan nan na san abin da na ɗauko. Ta bar mini ƙa'idoji kamar ordinans, takardar maganin likita: nono da safe, ragowar tuwo da miya da rana, ƙashin kaza haram, yana tsaya musu a wuya. Auta ba a kiranta, sai a buga ƙasa da tafin hannu kusa da ita. Manjo ya ƙi cin komai kwana biyu, yana zaune a zaure yana kallon ƙofa. Sai da na buɗe gwangwanin sardin na zauna gabansa kamar mai lallashin maigida, sannan ya sauko. Laraba ta yi amai a cikin takalmin Dikko na Juma'a. Na wanke na shanya a bayan ɗaki, ban ce komai ba, shi ma ya sa takalmin da ɗan danshinsa bai ce komai ba. Ranar ta huɗu na buɗe ƙofa da safe na tarar da ƙatuwar gafiya a shimfiɗe a dokin ƙofata, Duwan na zaune a gefe ta naɗe wutsiya. Na kurma ihu. Da Madam ta kira na ba ta labari, sai na ji tana dariya cikin telefon.

"Kyauta ce ta kawo miki. Ta karɓe ki ke nan. Ki ce an gode."

"In ce wa mage an gode?"

"To ki ci gaba da zama marar tarbiyya."

Suka dawo ranar Talata. An zuƙe ruwan, ƙafafun sun saɓe, ta shigo da ƙafarta tana dafe da kafaɗar Abdulhadi. Shi kuwa idonsa ya gaya mini likita ya yi magana. Ya ɗauki konje, hutu daga wurin aiki, ya shimfiɗa tabarmarsa a zaure. Maguna suka yi mata caa a ƙafa, ban da Manjo, wanda ya juya mata baya ya ƙi kallonta har la'asar.

"Fushi yake," in ji ta. "Yana da gaskiya, ban yi masa sallama ba."

Kwana goma sha shida ta ƙara. Kaka ta shigo, amalanke na wucewa da dammunan gero ta ƙofar gida. Mata na shigowa gaisuwa, ita kuma tana duba su daga zaune: ke idonki ya yi fari, je a auna miki jini, ke wannan yaron yaye shi ya isa. Ta raba kayanta da bakinta. Ta sa Abdulhadi ya rubuta wanda za a ba keken ɗinkinta da wanda za a ba randa. Wani abin mamaki, shi da ya ce a sa su a buhu, na shigo wata rana na same shi yana gyara takardun ɗalibansa, Laraba na barci bisa rabinsu, yana zaro su ɗaya-ɗaya daga ƙarƙashinta a hankali don kada ta farka. Ya gan ni, ya ji kunya.

"Ta ƙi tashi ne," in ji shi.

Kumburin ya dawo kamar yadda ta faɗa. Ranar Alhamis da hantsi ta ce a fitar da ita inuwar dogon yaro. Muka shimfiɗa mata katifa, na zauna bisa kujera ƴar tsugune, ta jingina da gwiwoyina.

"Tsefe mini kan nan, Nafi. Ki bar shi a tsefe, mu rage wa masu wanka aiki."

"Inna, wace irin magana ce wannan?"

"Maganar aiki ce. Tsefe."

Na fara tsifa. Gashin fari fat, laushi kamar auduga. Auta ta hau cinyarta ta kwanta. Duwan na bisa katanga tana leƙen sabon akurkina.

"Laraba na da ciki," in ji Madam. "Ban gaya miki ba don kada ki fasa. Sati uku ya rage mata. Ki aje mata kwali a wuri mai duhu, kada ki taɓa ƴaƴan ranar farko."

"Yanzu huɗun ma ba huɗu ba ne ke nan?"

"Ki ba Manzo biyu. Mutumin kirki ne, na zalunce shi."

Na ci gaba da tsifa. Can na ji kanta ya ƙara nauyi a gwiwata, numfashin ya koma dogo-dogo, da tazara a tsakani.

"Kira shi," in ji ta.

Na ɗaga murya. Abdulhadi ya shigo da gudu ba takalmi, ya durƙusa. Ta lalubo hannunsa, ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannun kamar mai duba bugun jini, ta bar su nan. Ya fara kalmar shahada. Leɓɓanta suka bi shi sau ɗaya, suka bi shi sau biyu. A na uku shi kaɗai ya ƙarasa.

Mataji na hannuna. Saura kitso biyu ban tsefe ba. Na tsefe su, sannan na rufe mata fuska.

Kafin azahar gidan ya cika har waje. Na kwashe magunan na rufe su a ɗakin hatsina don kada a tattake su, suna ta kuka ana jiyowa ta katanga har aka fita da ita. Maza suka tafi, mu muka zauna. Ban san inda Duwan ta bi ta fita ba. Ganinta kawai aka yi ta ratsa tsakiyar mata ta shige ɗaki, ta haye gadon Madam ta zauna. Wata tsohuwa daga dangin mijinta ta ja tsaki.

"Baƙar mage bisa gadon mamaci? Ku kore ta, ku ba ni muciya."

Ban san sanda na miƙe ba.

"Baba, tawa ce. A bar ta."

"Taki?"

"Tawa. Wanda zai taɓa ta, ya fara da ni."

Matan unguwa da suka san tarihina da ita suka dubi juna. Zainabu mai abinci ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban sani ba ko kuka take ko dariya.

Bayan sadakar bakwai Abdulhadi ya koma bakin aiki. Ya miƙa mini makullin gidan a zaure.

"Ba zan sa kowa a ciki ba tukuna, Maman Rahila. In sun fi son nan, ki bar su."

Nan ɗin kuwa suka fi so. Na yi na yi su dawo gidana, suna ci su tsallake katanga. Sai na koma kai musu can. Manjo kwana tara ya yi bayanta, ranar ta goma ya fita bai dawo ba. Na duba wajen mahauta, na duba tasha, na tambayi masu amalanke. Ba wanda ya gan shi. Abin ya tsaya mini a rai fiye da yadda na zata, har Dikko ya rufe shago wata yamma ya taya ni zagaya bayan gari, bai kuma tuna mini da abin da ya faɗa ba. Laraba ta haifi uku a cikin kwalin. Duwan ta gano inda waya ta ɗage a akurki, ta ɗauke mini ɗan tsako guda. Na zage ta tas, na toshe wurin, da rana na kai mata tuwonta.

Wata safiya ina tsakar gidan Madam ina shara, sai na ji sallama. Wata mata ce ƴar ƙauye, goyo a baya, ƙwarya a ka, ƙafafunta sun yi fari da tafiya.

"Madam tana ciki?"

Na jingine tsintsiya. Na tambaye ta daga ina. Ta ce daga wajen Guci, sunanta Uwani. Ciki uku ta yi suna zubewa, a na huɗu aka kwatanta mata gidan nan. Madam ta duba ta, ta tura ta awo, ta ja mata kunne ta bar ɗaukar ruwa da surfe, ta kira mijin ta yi masa faɗa. Ga shi yanzu ta yi arba'in har da wata biyu, ta kawo shi Madam ta gani.

Na gaya mata.

Ta sauke ƙwaryar a hankali. Ta zauna a dokin ƙofar ɗakin, ta yi salati, hawaye na zuba ba ta share ba. Yaron ya motsa ya fara ƙananan kuka, ta kwanto shi ta sa masa nono a baki.

"Kindirmo ne na kawo mata," in ji ta can. "Na saniyarmu. Yanzu ya zan yi da shi?"

Na ɗauko tasar da ke gindin randa na ɗauraye, na miƙa mata. Ta tsiyaya da hannu ɗaya. Duwan ce ta fara dirowa daga katanga, Auta ta biyo ta, sannan Laraba ta fito daga ɗaki, nonuwanta na reto. Suka sa kai a tasar su uku. Ba a jin komai a gidan sai lasarsu.

Yaron ya saki nono, ya juyo da kai, yana bin wutsiyar Duwan da ido.